Alƙalan da Ba Su Buɗe Littafin Ba

A duk faɗin ƙasar Nijar babu garin da ya kamata ya fi Arlit sanin illar karɓar hukunci daga bakin wani. An kafa garin ne a ƙarshen shekarun 1960 saboda ƙarfen uraniyom. SOMAÏR ta fara haƙa a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akokan a 1978, kuma shekara da shekaru abin da mazauna suka sani game da ƙurar da suke shaƙa da ruwan da suke sha bai wuce abin da masu ma'adinin suka ga dama suka faɗa masu ba. Sai a watan Disamba na 2003, bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta Almustafa Alhasan, masanan cibiyar CRIIRAD suka zo daga Faransa domin su auna da kansu. Tun a Yamai aka riƙe manyan na'urorinsu. Duk da haka, da ɗan abin da ya saura a hannunsu, suka tarar da tarkacen ƙarafa masu tururi a kasuwar gari, irin waɗanda maƙera ke sarrafawa su zama kayan amfanin gida. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan ta ce tururinsa ya ninka na al'ada har sau 500. Kamfani ya musanta wasu sakamakon, gardama ta yi tsawo, amma tun daga lokacin “an ce” ta daina isar mutumin Arlit a kan maganar ruwa da ƙura. Ya koyi tambayar wa ya auna, da me ya auna, kuma me zai ci in an yarda da awonsa.

Abin mamaki shi ne, wannan mutum da ya ƙi “an ce” a kan ruwan shansa, da zarar an ambaci littafi sai ya karɓe ta hannu biyu. Musamman in littafin ƙagaggen labari ne da ya taɓa addinin Kirista, to an gama: kowa ya san hukuncinsa, kuma da wuya a sami wanda ya wuce bangonsa.

Maganar ba ta nesa ba ce. Garuruwan ma'adinai sun tara jama'ar da ba kowane gari na ƙasar nan ya tara ba: Buzaye da Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Tubawa, ga ma'aikata da ƴan kasuwa daga Benin da Togo da Burkina da Najeriya, da yawansu Kiristoci, ga matafiya masu neman hanyar Aljeriya. Akwai majami'u a Arlit da Agadas, a Cirozerin kuwa mishan ɗin Katolika da makarantarsa sun haura shekara sittin. Ɗan Musulmi da ɗan Kirista benci ɗaya suke zama a kwaleji da lise, malami ɗaya ke koya masu Faransanci. Littafi kuma ba ya neman biza: wanda bai zo cikin jakar matafiyi ba zai zo cikin wayar salula, wanda aka mayar fim zai zo a katin memori. Saboda haka tambayar ko yara za su haɗu da irin waɗannan labarai ta riga ta wuce. Abin da ya rage shi ne ko za su haɗu da su a gaban wanda ya karanta, ko a bayan idonsa.

Alƙalan da ba su buɗe littafin ba kala-kala ne. Akwai shugaban majami'a da ke gargaɗin mabiyansa kada su kusanci littafi kaza, alhali shi ma gargaɗin ya tsinta daga wani mai wa'azi na Amurka ko na Legas. Akwai mai wa'azin Musulunci da ke cewa duk abin da Nasara ya rubuta a kan addininsa tarko ne, ko kuwa, abin da ya fi wannan ban dariya, ya ɗaga labarin da Ba'amurke ya ƙaga domin neman kuɗi yana cewa ga hujja daga bakinsu. Sai na uku, wanda ya fi su shiru kuma ya fi su ɓarna domin shi ne mai makulli: malamin makaranta ko mai kula da ɗakin karatu da ke sa littafi a ƙasan kabad “don a zauna lafiya”. Na farko da na biyu aƙalla suna da abin da suke karewa. Shi na uku kujerarsa kawai yake karewa, kuma shi ne aka ɗauka aiki domin ya koya wa yara karatu.

A fara da Da Vinci Code na Dan Brown, wanda ya fito a 2003, aka fassara shi da Faransanci a 2004, aka yi fim ɗinsa a 2006. Labari ne na kisan kai da farautar sirri, mai jan hankali kamar fim ɗin ƴan sanda, kuma ya yi kasuwar da littattafai kaɗan suka taɓa yi. An hana sayar da shi a Labanan a 2004, Pakistan ta hana fim ɗin a 2006. Abin da ya tayar da ƙura shi ne da'awar da wasu taurarin labarin suka yi cewa Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya auri Maryamu Magadaliya har sun bar zuriya, kuma wai kafin Sarki Kustantin ya tara Majalisar Nikiya a shekara ta 325 Kiristoci mutum kawai suke ɗaukarsa, sai a wurin aka kaɗa ƙuri'a, da ƙyar aka rinjaya, aka mayar da shi abin bauta.

Wannan zance na biyu shi ne ya yi wa wasu Musulmi daɗi, har suka riƙa yaɗa shi kamar tarihi. To, ba tarihi ba ne, kuma ɗalibin aji na ƙarshe zai iya gano haka cikin yini guda. Wasiƙun Bulus, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 50 zuwa 60, sun riga sun kira Yesu Ubangiji. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Rumawa mai suna Pliny, wanda ba Kirista ba ne kuma ba masoyinsu ba, ya rubuta wa sarkinsa cewa mutanen nan suna rera wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa abin bauta. Abin da aka yi jayayya a kansa a Nikiya shi ne yanayin dangantakar Ɗa da Uba a aƙidarsu, bayan koyarwar wani limami mai suna Ariyus, kuma cikin bishop-bishop 250 zuwa 300 da suka halarta biyu kacal suka ƙi sa hannu. Su biyun nan ma, abin lura ga mutumin arewacin Nijar, daga ƙasar Libiya suka fito. Majalisar ba ta zaɓi Linjiloli huɗu ba, domin tun wajen shekara ta 180 Iraniyus na Lyon yake kare huɗun nan. Ita kuwa ƙungiyar asirin da littafin ya rantse a shafinsa na farko cewa ta wanzu tun 1099, wani Bafaranshe ne mai suna Pierre Plantard ya yi mata rajista a 1956.

Musulmi bai yarda da allantakar Isa ba, kuma yana da hujjarsa a Alƙur'ani. Ba ya buƙatar aron ƙarya daga Dan Brown. Kuma da mai ɗaga littafin ya daure ya karanta, da ya ga labarin ya ginu ne a kan cewa an gicciye Isa, Maryamu Magadaliya tana da ciki a lokacin, abin da ya saɓa wa aya ta 157 ta Suratun Nisa'i kai tsaye. Wato ya ɗauko makamin da zai sari maƙwabcinsa, bai duba ba ashe ta kaifin ya riƙe. Shi ma Kiristan da aka ce kada ya karanta an cuce shi, domin ranar da abokinsa na aji ya jefa masa maganar ƙuri'ar Nikiya ba shi da amsa sai fushi, alhali amsar tana nan, mai sauƙi, a cikin tarihin cocinsa.

Sai dai Dan Brown ɗan kasuwa ne, kuma warware zancensa ba wuya. Inda maganar ta yi nauyi shi ne littafin da mai bi ya rubuta da zuciya ɗaya, ƴan'uwansa masu bi suka ce ya kauce. Misali mafi shahara a wannan zamani shi ne The Shack na William Paul Young, wanda masu karanta Faransanci suka sani da La Cabane. Young ɗan Kanada ne, ɗan masu aikin mishan, ya yi ƙuruciyarsa a tsibirin Niyu Gini. Ya rubuta labarin ne domin ƴaƴansa shida. Kamfanonin ɗab'i suka ƙi shi, shi da abokansa suka buga da kansu a 2007, daga baya aka sayar da fiye da miliyan 20, aka yi fim a 2017.

Ga yadda labarin yake. Wani magidanci mai suna Mack ya kai ƴaƴansa shaƙatawa a daji, aka sace ƙaramar ƴarsa Missy. Ba a ga gawarta ba, sai rigarta jina-jina a wata tsohuwar bukka. Bayan shekaru yana fama da baƙin ciki, ya daina jituwa da Allahnsa ko da yake bai daina zuwa majami'a ba, sai ya sami takarda tana gayyatarsa zuwa bukkar nan, da sa hannun “Papa”, sunan da matarsa ke kiran Allah da shi. Da ya je sai ya tarar da mutum uku: wata baƙar mace mai fara'a da son girki, ita ce Papa, wani kafinta mai kamannin mutanen Gabas ta Tsakiya, shi ne Yesu, da wata ƴar Asiya mai suna Sarayu, a matsayin Ruhu Mai Tsarki. Sauran littafin hira ce tsakaninsa da su a kan tambaya ɗaya: ina Allah yake lokacin da ake kashe yarinyar?

Musulmi zai ji tsigar jikinsa ta tashi tun daga nan, kuma da gaskiyarsa: siffanta Allah da surar ɗan Adam, mace ko namiji, abu ne da tauhidinsa ya kore gaba ɗaya. Amma in ya tsaya a nan ya rufe littafin, zai tafi da kuskure babba, wato zaton cewa abin da maƙwabcinsa Kirista ke bauta wa ke nan. Alhali waɗanda suka fi kowa sukar littafin Kiristoci ne. Albert Mohler, shugaban wata babbar makarantar tauhidi ta ƴan Baftis a Amurka, ya ce akwai bidi'a tsagwaronta a ciki. James De Young, malamin tauhidi da ya san marubucin ido da ido, ya rubuta littafi sukutum a 2010 domin rushe shi. Wasu sun kafa hujja da dokar da ta hana yin siffar Allah a cikin Dokoki Goma na littafin Fitowa, wadda ba ta yi nisa da abin da Musulmi zai faɗa ba. Wannan kaɗai ilimi ne da yaron Arlit ba zai samu a wa'azin kowane ɓangare ba: cewa a cikin gidan maƙwabci ma ana gardama, kuma gardamar ta masu ilimi ce.

Mai karatun da ya natsu zai ga wurare biyu da masu sukar suka kama, kuma ba a banza suka kama su ba. Na farko, marubucin ya sa tabon ƙusoshin gicciye a hannun Papa, ma'ana Uba ma ya sha azabar tare da Ɗa. Wannan ra'ayi tsoho ne. Tun farkon ƙarni na uku Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta raddi a kansa, kuma coci ta ƙi shi. Na biyu, akwai maganganu a bakin taurarin da ke karkata zuwa cewa a ƙarshe kowa zai tsira, ra'ayin da aka jingina wa Orijin na Iskandariyya aka kuma la'anta a ƙarni na shida. Masu kare Young sun daɗe suna cewa ba haka yake nufi ba, labari ne kawai. Sai ga shi a 2017 ya fitar da wani littafi, ba ƙagagge ba, inda ya fito fili ya ce ya yarda da ceton kowa da kowa. Ke nan a wannan gaɓa masu sukar sun yi daidai. Amma waɗanda suka yi daidai ɗin su ne waɗanda suka karanta, suka sa alƙalami a ƙarƙashin layi, suka buɗe Littafi Mai Tsarki a gefe suka gwada. Dubban da suka maimaita hukuncin ba tare da sun san shafin da aka kama ba, dacewa kawai suka yi, kamar makahon da ya jefi tsuntsu ya samu. Gobe in aka kawo masu hukuncin ƙarya haka za su maimaita shi da ƙarfin murya iri ɗaya.

Ta fuskar adabi littafin ba gwani ba ne. Kashinsa na farko, na ɓatan yarinyar, yana kama zuciya. Daga nan sai ya zama doguwar huɗuba da aka raba wa bakuna uku, har mai karatu ya ƙosa. Akwai wuri guda da ya yi fice, inda aka zaunar da Mack a kujerar alƙali, tun da ya ga shi ya fi Allah iya shari'a, aka ce ya zaɓi waɗanda za a kai wuta cikin ƴaƴansa, ya kasa, ya ce a ɗauke shi a madadinsu. Ko mutum ya yarda da aƙidar fansa da ke bayan wannan fage ko bai yarda ba, zai fahimci abin da Kirista yake ji idan ya ambaci gicciye fiye da yadda muhawarar kaset goma za ta fahimtar da shi. Kuma tambayar da littafin ya ɗauko ba ta Amurkawa kaɗai ba ce. Tambayar Annabi Ayuba ce, wanda addinan biyu suka sani. A Akokan, inda aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki ban da na ƴan kwangila, aka bar tudun sharar ma'adini mai nauyin tan wajen miliyan 20 a bayan gari. Inda akwai gidajen da maigida ya yi tari har ya mutu ba a taɓa gaya wa iyalinsa sunan cutar ba, wa zai ce matashin da ya tambayi dalilin wahalar marar laifi ya yi rashin kunya? In malamai suka ƙi tattauna tambayar da shi, ba ta mutu ba. Ta koma inda babu mai yi masa jagora.

A nan ne ya kamata a ja kunnen wani ɓangare kuma, wato masu cewa “kowa ya karanta ya yanke wa kansa”, su tsaya a nan kamar an gama magana. Ba a gama ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a Arlit an ga iyakar wannan karin magana, domin ƙarfe mai tururi da marar tururi kamarsu ɗaya a ido, sai da aka kawo na'ura. Wanda ya karanta La Cabane ya zubar da hawaye ya ce lalle gaskiya ne tun da ya taɓa masa zuciya, bai yanke hukunci ba, an dai rinjaye shi. Ƙagaggen labari da ma aikinsa ke nan, ya shiga ta zuciya kafin hankali ya farga. Yanke wa kai hukunci aiki ne mai neman kayan aiki: Kirista ya san abin da Linjila da Ƙa'idar Bangaskiya ta Nikiya suka ce kafin ya auna Young da su, Musulmi ya san tauhidinsa, ya kuma san abin da Kiristoci suka yarda da shi a haƙiƙa, domin kada ya ɗora masu abin da marubuci ɗaya ya ƙaga. Dukansu kuma su san bambancin muryar marubuci da muryar tauraron labari, darasin da ake koyarwa tun a kwaleji amma manya suke mancewa da zarar an ambaci addini.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Yaron da aka ce wa “ga ta nan, ga ta nanku” ya san an buɗe ƙofar ƙarya mai amfani, kuma bai taɓa zaton kakarsa ta yarda Gizo na magana ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun 1934, cike yake da malaman ƙarya da damfara da sunan ilimi, amma ba a ji wanda ya ɗauke shi littafin fiƙihu ko ya ce a ƙone shi don ya ci mutuncin malamai ba. Me ya sa wannan basira take gudu idan labarin ya zo da Faransanci?

Malaman Faransanci kuwa ba su da uzuri ko kaɗan, domin rabin abin da suke koyarwa tsofaffin haramtattu ne. Cocin Katolika ta riƙe jerin littattafan da ta hana karantawa daga 1559 har 1966, kuma a ciki akwai Les Misérables na Victor Hugo, da Madame Bovary na Flaubert, da labaran Balzac, da duk rubuce-rubucen Sartre da na Gide. A nahiyar nan ma akwai Le Pauvre Christ de Bomba na Mongo Beti, wanda ya fito a 1956 aka hana shi yawo a Kamaru saboda matsin shugabannin coci. Labarin wani fada ne, Drumont, da ya shekara ashirin yana aikin mishan, a ƙarshe ya gano cewa gidan da yake tara ƴan mata masu shirin aure ya zama wurin lalata da su a ƙarƙashin hancinsa, kuma mutanen da yake zaton sun tuba gudun aikin tilas na Turawan mulki ne ya kawo da yawansu. Mai ba da labarin yaron fada ne, Denis, mai ƙaunar ubangidansa, wanda yake faɗin abin da ya gani ba tare da ya gane ma'anarsa ba. Wanda bai iya raba muryar Denis da ta Mongo Beti ba zai karanta littafin a juye. Mai gaggawa zai ce littafin zagin Kiristanci ne. Mai natsuwa zai ga Drumont mutum ne mai gaskiya da ya yi kuskure, kuma abin da ake tuhuma shi ne auren da aka ɗaura tsakanin wa'azi da mulkin mallaka. Yau ana nazarinsa a jami'o'in Afirka. Waɗanda suka hana shi a 1956 ba su kare kowa daga komai ba. Sun dai jinkirta tattaunawar da cocin Afirka ta zo ta yi da kanta daga baya.

Za a ce, kuma masu faɗin haka ba wawaye ba ne, ai yaro ɗan shekara goma sha uku ba shi da wannan ma'auni, kuma shubuha in ta shiga zuciya da wuya ta fita. Gaskiya ne. Babu mai hankalin da zai miƙa La Cabane ga ɗan ajin farko na kwaleji, kuma uba yana da haƙƙin sanin abin da ake ba ɗansa. Amma tsara karatu bisa shekaru daban, haramta shi ga kowa daban. Ita hujjar “guba ce” kuwa, in an bi ta har ƙarshe, kan mai ita take komawa: ɓoye labarin ƙarafan kasuwar Arlit bai hana su shiga gidaje ba, abin da ya taimaka shi ne samun masu iya awo. Ai ko manyan malaman addinan biyu ba su bi hanyar rufe ido ba. Imam Gazali sai da ya zauna ya rubuta manufofin masu falsafa dalla-dalla, yadda su kansu za su yarda an faɗi ra'ayinsu daidai, kafin ya rubuta raddinsa, kuma ya bayyana cewa yin raddi ga mazhabar da ba a fahimta ba harbi ne cikin duhu. Shaharastani a ƙarni na goma sha biyu ya tattara aƙidun addinai da ƙungiyoyi cikin littafi guda. Malaman usulu suna da ƙa'idar cewa hukunci a kan abu reshe ne na saninsa, Suratul Hujurati kuma ta yi umurni da a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci. A ɓangaren Kirista, littafin Ayyukan Manzanni ya yabi mutanen Biriya saboda ba su karɓi wa'azin Bulus kansa ba sai da suka riƙa gwada shi da Nassi kowace rana. In Bulus bai fi ƙarfin a bincike shi ba, ina ga mai wa'azin da ya turo saƙon murya ta WhatsApp?

Inda hukuncin “an ce” yake kaiwa ba ɓoyayye ba ne. A Kano, a 2007, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan soyayya na Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai aka cinna masu wuta a bainar jama'a. Marubutan ba su daina rubutu ba, ƴan matan ba su daina karatu ba, sai dai suka ƙara iya ɓoyewa. A nan gida kuwa abin ya fi muni. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Paris, an kashe mutum goma a Damagaram da Yamai, an ƙone majami'u 45 a Yamai kaɗai bisa ƙidayar hukuma, an kuma ƙone Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar da ke Damagaram da ɗakin karatunta. Fushin Musulmi a kan zanen yana da tushe. Amma jaridar ta mutanen da ba su yarda da kowane addini ba ce, kuma ta shekara da shekaru tana cin mutuncin Fafaroma da Yesu. Duk wanda ya san wannan ba zai nufi majami'ar maƙwabcinsa da fetur ba. Waɗanda suka nufa ba su sani ba, domin a tunaninsu Bature da Kirista da Faransa da coci abu ɗaya ne, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna masu, ko da ta hanyar labari ne, cewa gidan nan ɗakuna gare shi da yawa. Littattafan da suka ƙone a Damagaram kuwa ƴaƴan Damagaram ne ke karanta su.

A 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, kuma kalmar da ta fi yawo a bakunan mutane ita ce ƴancin kai: ƙasa ta riƙa auna arzikinta da kanta, ta sa masa farashi da kanta. Madalla. Sai dai ƙungiyoyin al'adu na jihar Agadas, waɗanda suka iya shirya wasan kwaikwayo da gasar waƙa da bukin Bianu, har yanzu suna jin tsoron shirya zama guda a kan littafi mai gardama, kuma tsoron nan ba ya rasa nasaba da cewa su kansu shugabannin ba su karanta ba. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Malamin Faransanci da na Hausa da na tarihi su karanta littafin tukuna, dukansa. A gayyaci limami da fasto ko fada, da sharaɗi ɗaya tak: wanda bai karanta ba ya zo ya saurara, kada ya yi magana. A kawo Littafi Mai Tsarki, wanda yake akwai da Hausa tun 1932, a kawo Alƙur'ani da tafsiri, a kawo Ƙa'idar Nikiya, wadda ba ta cika shafi guda ba. Ɗaliban aji na ƙarshe su faɗi shafin da ya dame su, da lambarsa, a tattauna da Hausa ko Tamajak in Faransanci ya gaza. Limamin zai tashi yana nan a kan tauhidinsa, faston ma haka, ba kuma don a sauya wa kowa addini aka taru ba. Makullin kabad ɗin dai yana aljihun malamin makaranta, kuma shi ya kamata a fara tambaya ko ya karanta abin da ya kulle.